Jiƙon ɗaɗɗoyar Indiya a gida: tambayoyi da amsoshi

Tun da labarin tulsi, wato ɗaɗɗoyar Indiya, ya fara yawo a Facebook da WhatsApp, masu zuwa lambuna a nan Garwa da 'yan'uwa daga Marwa, Gaundare, Kusiri har Injamena suke ta tambayar yadda ake tsima ganyen a kwalba ya daɗe bai lalace ba. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa a nan. Za ku ga na fi tsayawa a kan ruwan da ake jiƙa ganyen a ciki, domin shi ganyen mai sauƙin hali ne, haɗarin yana cikin abin da aka zuba masa.

Malam, wai tulsin nan ɗaɗɗoyarmu ce ko wani ganye ne daban?

Dangi ɗaya ne, amma ba su zama ɗaya ba. Tulsi asalinsa ƙasar Indiya ne, masana tsirrai suna kiransa Ocimum tenuiflorum. Gajere ne, tsayinsa bai cika wuce santimita 60 ba, karansa da ganyensa suna da gashi-gashi, bakin ganyen kuma yana da ƙananan haƙora. Akwai mai koren ganye da ake ce wa Rama, akwai mai ganye ja-ja zuwa shuɗi da ake ce wa Krishna. Idan ka murza ganyen a tafin hannu ka sansana, ƙamshin kanumfari za ka ji, saboda sinadarin da ya fi yawa a man ganyen, wato yujinol, shi ne dai wanda yake cikin kanumfari.

Ɗaɗɗoyar da muka saba shukawa a bayan ɗaki, mai faɗin ganye wadda take girma ta wuce ƙugu, wadda mutanen kudu suke kira masef suna zubawa a miya, ita ce Ocimum gratissimum. A Indiya ma tana nan, kuma masu sayar da shayi suna lissafa ta cikin nau'o'in tulsi da sunan Vana tulsi. Saboda haka wanda bai samu irin Indiya ba kada ya ɗaga hankalinsa. Duk abin da zan faɗa a kan haɗawa ya shafi ta gida ma. Inda za a yi hattara shi ne wajen amfani: binciken da aka yi a kan mutane galibinsa da irin Indiya aka yi, ba za a ɗauki sakamakon a ɗora wa tamu kai tsaye ba.

An ce mabiya addinin Hindu suna girmama shi har suna masa ibada. Ya halatta mu sha?

Gaskiya ne suna shuka shi a tsakar gida suna girmama shi. Amma ai saniya ma suna girmama ta, mu kuwa muna tatsar nononta muna sha da fura. Tsiro halittar Allah ne, abin da wasu suka ƙudurta a kansa bai canja shi ba.

Me ya sa sai an jiƙa na makonni? Dafa ganye a sha bai isa ba?

Ya isa ƙwarai. Idan kina da tsiron a gida, Hajiya, ki tsinki ganye ki zuba a tafasasshen ruwa, ki rufe da murfi minti 10 don kada ƙamshin ya bi tururi, ki sha. Wannan ita ce hanya mafi arha, mafi aminci, kuma ni kaina ita nake bi duk damina. Amfanin jiƙon kwalba shi ne ajiya. Shayin da aka dafa da safe a zafin Garwa kafin dare ya fara canjawa, jiƙo kuwa yana kai watanni. Direban da yake bin hanyar Gaundare zuwa Kusiri, ko ɗalibin da ba shi da wurin hura wuta, ko mai gidan da tsironsa ya bushe da rani, su ne jiƙon yake wa rana.

Duk inda na karanta, da barasa ake yin sa. Mu Musulmi yaya za mu yi?

Haka ne, abin da likitocin ganye na Turai suke kira teinture a Faransanci da barasa ake yi, mai ƙarfin kashi 40 cikin 100 ko fiye. Dalilinsu biyu ne: barasa tana janyo sinadaran da suke narkewa a ruwa da waɗanda suke narkewa a mai gaba ɗaya, sannan tana hana ruɓa har shekaru. Na faɗi wannan don a san gaskiyar lamarin, kada wani ya ce an ɓoye masa.

Ni ba na yi da ita, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. A cikin Sahihu Muslim, wani sahabi ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da giya, ya ce don magani yake haɗa ta, sai aka amsa masa cewa ita ba magani ba ce, cuta ce. Malamai suna da bayani a kan magungunan asibiti da suke ɗauke da ɗan etanol, wato sinadarin barasa, alhali babu madadinsu, mai son sani sai ya tambayi malaminsa. Amma namu bai shiga wannan babin ba, tunda babu lalura kuma ga madadi har biyu: khal (ruwan tsamin nan da ake kira vinaigre) da gilisarin. Akwai masu cewa idan aka ɗiga jiƙon barasa a ruwan zafi sai ta tashi duka. Wani kaso ne yake tashi, saura yana nan a kofin.

Ga maƙwabtanmu da addininsu bai hana su ba, ina da magana guda da nake roƙon a isar musu. Kada a kusanci alcool à brûler, wato wadda ake kunna wuta ko goge gilashi da ita, kada a kusanci wadda ake wanke rauni da ita, wadda aka rubuta wa modifié ko dénaturé, domin da gangan aka zuba musu abin da zai hana sha. Haka arki, barasar da ake dafawa a unguwanni, babu mai iya sanin abin da yake ciki. Metanol, gubar da ake iya samu a irin waɗannan, mililita 10 kacal yana iya makantar da mutum, 30 yana iya kashewa.

To khal wane iri zan saya? Na ga an rubuta vinaigre d'alcool a jikin kwalbar, sai na ji tsoro.

Wannan suna yana firgita mutane da yawa a kantunanmu. Abin da yake nufi shi ne daga barasar rake ko ta gwoza aka samo shi. Kowane khal na asali haka yake samuwa: sukari ya koma barasa, sannan wasu ƙwayoyin halitta su mayar da barasar ruwan tsami, har ya zama ba ya sa maye ko an sha nawa. Manzon Allah (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci, hadisin yana cikin Muslim. Malaman mazhabobi suna da ƙarin bayani a kan wanda ya juye da kansa da wanda aka juyar da hannu, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambaya, ko ya sayi khal ɗin tuffa ko na dabino da ake samu a shagunan magungunan Musulunci.

Abin da za ka duba a jikin kwalbar, ɗan'uwa, shi ne lambar tsami. Ya kasance 5 ko sama, za ka ga an rubuta 5%, 6° ko 8°. Ƙasa da 5 ba ya tsare jiƙo daga lalacewa. Kwalbar da babu lamba a jikinta, ko khal ɗin da aka ɗura a robar ruwa ana sayarwa a tebur, a bar shi wa salak. Khal mai ƙarfin 12 ko 14 kuma na wanke-wanke ne.

Khal bai kai barasa janyo man ƙamshi ba, amma yana ɗauko ɗanɗano da sinadaran da suke narkewa a ruwa sosai. A cikin hanyoyin nan duka, shi na fi ba wa mai farawa shawara, saboda yana da arha, ana samunsa ko'ina, kuma da wuya a yi masa algus mai kisa.

Gilisarin ɗin da muke shafawa da hunturu, shi ne ake nufi?

A'a, 'yar'uwa, don Allah kada ki yi da shi. A nan ne na fi jin tsoro a duk wannan sha'ani.

Gilisarin ruwa ne mai kauri, mai zaƙi, marar launi. Wanda ake sayarwa a teburin kayan shafa don fata aka yi shi. Sau da yawa an haɗa shi da turare, ko kala, ko man bilicin, kuma babu wanda ya gwada shi don ciki. Mafi muni, akwai wani sinadari na masana'antu da ake kira dayetilin gilaikol, wanda ake amfani da shi a ruwan burki da makamantansa. Shi ma kauri gare shi, shi ma zaƙi gare shi, shi ma ba shi da launi, kuma ya fi arha. Marasa tsoron Allah suna cakuɗa shi a gilisarin, ido ba ya ganewa, harshe ba ya ganewa. Idan ya shiga ciki ƙoda yake kashewa: amai, ciwon ciki, sai fitsari ya ɗauke.

Ba labarin nesa ba ne. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan magungunan tari da mura na ruwa da aka samu wannan guba a cikinsu. A watan Yuli na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan wani maganin tari na ruwa a nan Kamaru, bayan rahoton mutuwar yara a yankin Arewa maso Yamma. Da aka gwada, an samu gubar ta kai kashi 28.6 cikin 100, alhali iyakar da aka yarda da ita ita ce 0.1. Idan maganin da yake cikin kwali da hatimi zai iya zama haka, ina ga ruwan da aka ɗura a kwalba babu suna babu adireshi?

Wanda ya dace shi ne na farmasi mai rajista ko na masu sayar da kayan kek, a rufe da hatimin kamfani, an rubuta glycérine végétale tare da qualité alimentaire, ko Codex, ko lambar E422. Kalmar végétale tana da muhimmanci a gare mu, domin ana yin gilisarin daga man ja, waken soya ko kwakwa, ana kuma yin sa daga kitsen dabba wanda ba mu san wace dabba ba ce. Idan ba ki samu mai waɗannan alamomi ba, ki koma wa khal, babu abin da kika rasa.

Ɗanyen ganye ya fi ko busasshe?

A ƙasarmu mai zafi, busasshe. Ɗanyen ganye galibinsa ruwa ne, idan ya shiga kwalba sai ya saki ruwan nan ya tsinka khal ɗin ko gilisarin ɗin, ƙarfin tsarewar ya ragu, hunhuna ta samu ƙofa.

A yanki ganyen da hantsi bayan raɓa ta bushe, lokacin da tsiron ya fara fitar da kan fure, a nan ƙamshi ya fi ƙarfi. A haɗa da kan furen da ƙananan rassa masu taushi. A ɗauraye, a girgije ruwan, a baza a faifai ko tabarma mai tsabta a inuwa inda iska take ratsawa. Rana tana cinye ƙamshin, ganyen ya koma kamar ciyawa. Da hunturu kwana uku ko huɗu ya isa, sai dai a lulluɓe da tsohon gidan sauro wankakke ko siririn mayafi saboda ƙura. A watan Agusta kuwa yana iya kai mako, kuma sai ana juyawa. Alamar ya bushe ita ce ka damƙa ka ji ƙaras-ƙaras, ya farfashe a yatsunka. Idan ya lanƙwashe bai karye ba, da saura.

Yankinmu yankin auduga ne, kuma kowa ya san maganin feshin auduga yakan ɓulla a lambunan kayan miya. Ganyen da za a tsima makonni a sha kullum, ya kamata a san inda ya fito. Na bakin gonar auduga da na bakin kwata a bar su.

A yi mana bayanin haɗawar tun daga farko.

A samu kwalbar gilashi mai faɗin baki, irin ta mayonez ko ta zuma. A wanke da sabulu, a sa ta a tukunya da ruwa tun yana sanyi, a tafasa minti 10, a kife ta bushe sarai. Kwalbar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari, fetur ko man shafawa ba ta wankuwa, ko an tafasa.

Ma'aunin da masu wannan sana'a suka saba shi ne ɗaya bisa biyar: giram 50 na busasshen ganye, mililita 250 na ruwan jiƙo, wato rubu'in lita. Wanda ba shi da sikeli ya murmushe ganyen da hannu, kada ya daka ya zama gari, ya zuba har rabin kwalba ba tare da dannawa ba, sannan ya zuba ruwan jiƙon har ya shanye kan ganyen da kamar faɗin yatsu biyu.

Idan khal ne, a zuba shi yadda yake, ba a ƙara masa ruwa. Idan gilisarin ne, a auna kashi uku na gilisarin da kashi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce, a gauraya su a wani kwano tukuna sannan a zuba. Kada ruwan ya wuce haka, domin idan gilisarin ya yi ƙasa da kashi 60 cikin 100 na haɗin, ba ya hana lalacewa. Wanda ya nace sai ɗanyen ganye, ya bar shi ya kwana ya yi yaushi, ya yayyanka, ya zuba gilisarin zalla ba ruwa.

A sa cokali mai tsabta a juya don kumfar iska ta fito. Washegari a duba, za a tarar busasshen ganyen ya sha ruwa ya kumbura, wani ya leƙo sama. A ƙara ruwan jiƙon har ya nutse. Ganyen da ya zauna a sama yana shan iska shi ne yake fara yin hunhuna.

Murfi yana da nasa sha'ani. Khal yana cin ƙarfe. Cikin 'yan kwanaki za a ga baƙin zobe na tsatsa a cikin murfin, yana ɗiga cikin jiƙon. A yi amfani da murfin roba, ko a shimfiɗa farar leda mai tsabta ninki biyu a bakin kwalbar kafin a ɗaura murfin ƙarfe. A manna takarda a rubuta sunan ganye, irin ruwan da ranar da aka haɗa.

A ajiye a wuri mai duhu, ana girgizawa sau ɗaya a rana. Khal mako 2 zuwa 4, gilisarin mako 4 zuwa 6. Mai amfani da nau'in Krishna a khal zai ga abin sha'awa: kafin kwana biyu ruwan ya koma ja kamar zoɓon da aka tsinka, ganyen kuma ya koɗe. Launin ganyen ne tsami ya fitar, ba lalacewa ba ce.

Ranar tacewa a shimfiɗa farin ƙyalle da aka tafasa a kan rariya, a juye, a tattara bakin ƙyallen a murɗa a matse sosai, domin mafi ƙarfin jiƙon yana cikin tuƙar. Gilisarin yana da nauyin sauka, sai a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi na ɗan lokaci kafin a tace. A bar ruwan ya kwana ya kwanta, a tsiyaye na sama a ƙananan kwalabe ta mazurari, a bar gurɓin ƙasa.

Zafin bazara ba zai ɓata shi ba? Ba kullum muke da wuta ba.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Injamena, ɗakin kwano ba wurin ajiya ba ne. A nemi ɗakin ƙasa, ko a ajiye kwalbar a kan yashi mai laima a gindin randa. Kwalba mai launin ƙasa-ƙasa ta fi, idan babu a naɗe farar da takarda. Rarrabawa a ƙananan kwalabe yana taimakawa, saboda wadda ake buɗewa kullum ita kaɗai take shan iska.

Littattafan ƙasashen sanyi suna ba jiƙon khal wata 6 zuwa shekara, na gilisarin shekara ɗaya zuwa biyu. Ni a nan ina raba wannan biyu idan babu firji. A yi kaɗan, a shanye, a sake sabo. Idan an ga fari ko kore yana yawo a sama, ko murfi ya kumbura, ko ya yi tsit da aka buɗe, ko wari ya canja, a zubar duka. Kwashe na sama a sha na ƙasa ganganci ne.

Zuma fa, ko man zaitun?

Zuma da khal tsohon haɗi ne, likitocin da irin su Ibn Sina sun san shi da sunan sakanjabin. Bayan an tace jiƙon khal, a auna zuma daidai yawansa a gauraya. Yana rage kaifin tsamin, yana da daɗi a maƙogwaro lokacin mura, kuma Allah Ya hore mana zumar Adamawa. Sharaɗi biyu: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko kaɗan, kuma mai ciwon sukari ya bar wannan haɗin.

Mai kuwa a'a. Ɗanyen ganye a cikin mai, babu iska babu tsami, nan ne ƙwayar cutar da take fitar da guba mai shanye jiki take tsira, kuma ba ta canja wari balle a gane.

Nawa ake sha?

Babu wata hukuma da ta yanke ma'auni ga jiƙon gida, tunda ƙarfin kowace kwalba daban ne. Amma lissafi yana taimakawa. Idan an bi ɗaya bisa biyar, ƙaramin cokalin shayi, mililita 5, yana ɗauke da abin da aka janyo daga giram ɗaya na ganye, kusan abin da ake zubawa a kofin shayi guda. Babba ya fara da rabin cokali a cikin kofin ruwa sau ɗaya a rana bayan abinci. Idan kwana uku sun wuce babu damuwa, yana iya kaiwa cokali ɗaya sau biyu.

Kada a sha na khal zalla, yana cin haƙori yana ƙona maƙogwaro. A tsinka da ruwa, a kurkure baki bayan an sha. Gilisarin idan ya yi yawa yana sa ciwon kai da sakin ciki. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ba su wuce wata uku ba, saboda haka bayan wata ɗaya ko biyu a huta.

Malam, tsakani da Allah, me yake magani? An ce yana warkar da sukari da hawan jini har da daji.

Mutanen Indiya sun daɗe suna shan sa don mura, tari, kumburin ciki da gajiyar zuciya. A 1996 an wallafa wani gwaji da aka yi a can a kan masu ciwon sukari 40, inda sukarin jininsu na safe kafin cin abinci ya sauka da sama da kashi 17 cikin 100 lokacin da suke shan garin ganyen. A 2017 wasu masana suka tattara gwaje-gwaje 24 da aka yi a kan mutane, suka ga alamun amfani wajen sukari, kitsen jini da damuwa, kuma ba a samu wata babbar illa ba. Sai dai gwaje-gwajen ƙanana ne, gajeru ne, kuma da gari ko ƙwayoyi aka yi mafi yawansu.

Abin da zan iya cewa da zuciya ɗaya shi ne ganye ne mai taimako ga ƙananan damuwoyi, kuma yana iya zama ƙari a kan maganin likita idan likitan ya sani. Duk wanda ya ce maka ka ajiye maganin sukari ko na hawan jini ka koma wa kwalbar jiƙo, ko ya ce yana warkar da daji, ko dai bai sani ba ko kuɗinka yake so.

Ɗana yana zazzaɓi, in ba shi?

Ki kai shi asibiti yau, Inna, a ɗiga jininsa a gwada. Zazzaɓin cizon sauro yana iya kayar da ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma babu jiƙon da yake kashe ƙwayar cutar a jini. Abin da na fi gudu shi ne jiki ya ɗan yi sanyi, uwa ta ce an samu sauƙi, cutar kuwa tana ci a ciki. Da bazara kuma, zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya alamar sanƙarau ce, awa guda ma tana da tsada. Wannan jiƙo na manya ne, ba na ba yara ƙanana.

Su wane ne bai kamata su sha ba?

Mai ciki da mai shayarwa su bar shi. Ganye kaɗan a miya ba komai, amma jiƙo abu ne mai ƙarfi da ba a tabbatar da amincinsa gare su ba. Ma'auratan da suke neman haihuwa su ma su dakata, miji da mata, domin a gwajin da aka yi da ɓeraye da zomaye an ga yawan cin ganyen ya rage ƙwayoyin maniyyi.

Mai shan metformin ko gilibenkilamid ko mai allurar insulin ya fara gaya wa likitansa, domin ganyen yana iya haɗuwa da maganin, sukarin jini ya faɗi ƙasa: rawar jiki, zufa, jiri. Da azumi abin ya fi haɗari. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin kullum, shi ma haka, kuma wanda aka sa wa ranar tiyata ya daina mako 2 kafin ranar. Mai shan maganin maƙoƙo ya tambayi likita. Mai gyambon ciki ko yawan ƙwannafi ya guji na khal.

Ina zan samu iri, kuma zai yi a ƙasarmu?

Zai yi, tsiron ƙasar zafi ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka roƙi reshe a wurin wanda yake da shi, mai tsawon ɗan yatsa biyu, ka cire ganyen ƙasa ka tsoma a kofin ruwa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga fararen saiwoyi, sai ka dasa. Idan iri ne, ƙanana ne ƙwarai, a barbaɗa a saman ƙasa mai laushi a ɗan danna da tafin hannu, kada a binne, yana son haske kafin ya tsiro. Farkon damina ya fi. Da rani yana son ruwa safe ko yamma da 'yar inuwa da tsakar rana, ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. A riƙa tsinke kan furen don ya yi rassa, a bar guda biyu ko uku su bushe don iri. A kuma kewaye shi saboda awaki.

Zan iya ƙara citta da kanumfari? Kuma in ya yi kyau zan iya sayarwa?

A karon farko ki yi shi shi kaɗai, don idan jikinki ya ƙi wani abu ki san ko mene ne. Daga baya busasshiyar citta kaɗan tana dacewa da shi. Kanumfari kuwa sinadarinsu ɗaya, ƙwaya uku ko huɗu a rubu'in lita sun isa.

Maganar sayarwa ta fi nauyi. Abin da kika yi wa gidanki kin san ganyen, kin san ruwan, kin san mai sha. Da zarar ya fita kasuwa zai faɗa hannun mai ciki da mai ciwon ƙoda da uwar da za ta ɗura wa jariri, kuma sayar da abu da sunan magani yana buƙatar izinin ma'aikatar lafiya, a Kamaru ne ko a Chadi. Idan sana'a kike nema, busasshen ganyen shayi mai tsabta a ƙulle cikin leda, da sunan ganye da ranar busarwa a jiki, ya fi sauƙin yi, ya fi jure zafi, kuma masu shayi a bakin tasha suna saye.